A bari gyaran malami ya riga maki isa ga ɗalibi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, Malam Edita, muna roƙon ɗan fili a jaridarka domin mu yi magana da 'yan'uwanmu malamai, musamman na manyan makarantu, kan kundin ayyukan ɗalibi na intanet, wanda ake yawan ambatonsa yanzu a tarukan ƙara wa juna sani. Ga wanda bai san shi ba, wuri ne a intanet da ɗalibi ke tara ayyukansa na kwas tun daga farkon zango har ƙarshensa: daftarin farko na jinga, gyaran da malami ya yi masa, daftari na biyu, hotunan aikin ɗakin gwaje-gwaje, muryar da ya naɗa, da ɗan bayanin da ya rubuta a kan abin da ya fahimta. Ɗalibi ne mai kundin, malami kuma yana shiga ya duba ya bar tsokaci.

Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne yadda ake tallata manhajojin nan kamar da an buɗe wa ɗalibai asusu shi ke nan karatu ya gyaru. In aka ɗauki jingar da aka saba bayarwa, tambaya ɗaya da ranar karɓa ɗaya, aka ce a ɗora ta a intanet maimakon a kawo ta a takarda, wurin ajiya kawai aka sauya. Amfanin kundi yana fitowa ne idan an sake fasalin jingar kanta, yadda gyaran malami zai isa ga ɗalibi tun aikin bai rufe ba, kuma ya zama dole ɗalibin ya amsa gyaran a rubuce.

Kowane malami ya san yadda abin yake a tsohon tsari. Ana karɓar jinga a mako na goma, malami ya kwana biyu yana jan biro a kanta, a mayar wa ɗalibai ana gab da jarrabawa ko ma bayanta. Ɗalibi ya duba makin da ke saman shafi, ya naɗe takardar. Duk abin da malamin ya rubuta a gefe ya zama ihu bayan hari, domin babu wani aiki a gaba da za a yi amfani da gyaran a cikinsa. Bincike ma ya nuna haka. A 1988 Ruth Butler ta raba yara 'yan makaranta a Isra'ila rukuni uku: wasu aka ba su maki kaɗai, wasu tsokaci kaɗai, wasu aka haɗa musu duka biyun. Waɗanda suka sami tsokaci kaɗai su ne aikinsu ya inganta. Waɗanda aka haɗa wa maki da tsokaci kuwa ba su bambanta sosai da masu maki kaɗai ba. Wato in maki ya zo tare da gyara, makin ne ido ke bi. A 1996 kuma Kluger da DeNisi suka tattara ɗimbin bincike kan tsokaci da ake yi wa mutane a kan aikinsu, suka gano cewa a fiye da kashi ɗaya cikin uku na lokutan, tsokacin ma rage ingancin aiki ya yi, musamman idan ya karkata ga mutumin ya bar aikin.

To, ga yadda muke ba da shawarar a tsara jinga guda a zango mai makonni goma sha biyu. A mako na uku ɗalibi ya ɗora tsarin aikinsa, shafi ɗaya rak: tambayar da zai amsa, hanyar da zai bi, da majiya uku da ya riga ya samo. Malami ba ya buƙatar dogon sharhi a nan, layi biyu sun isa, domin abin da ake so a kama shi ne wanda ya ɗauko batun da ya fi ƙarfin zango ɗaya ko wanda bai fahimci tambayar ba. A mako na shida ya ɗora daftarin farko cikakke. A mako na bakwai abokan karatunsa biyu su duba su yi masa tsokaci. A mako na takwas malami ya yi nasa gyaran, ba tare da maki ba. A mako na goma sha ɗaya ɗalibi ya ɗora aikin ƙarshe tare da takardar amsa gyara.

Wannan takarda ita ce ginshiƙin tsarin, kuma ba ta da wuya. Jadawali ne mai gida uku. Gida na farko: gyaran da aka yi mini. Na biyu: abin da na yi a kai. Na uku: shafin da za a ga canjin. A bar wa ɗalibi damar ƙin karɓar gyara, muddin zai kawo dalili. Wanda ya rubuta cewa bai cire misalin da aka ce ya cire ba saboda shi ne kaɗai ke goyon bayan hujjarsa ta biyu, ya nuna ya san aikinsa fiye da wanda ya goge duk abin da aka ja wa layi bai tambayi dalili ba. Takardar tana kuma rage wa malami aiki a ƙarshe, domin ba sai ya sake karanta komai daga farko yana neman inda aka canza ba.

Sai rabon maki. In jingar tana da maki 30, ana iya ba tsarin aiki 4, ɗora daftari a kan lokaci 4, tsokacin da ɗalibi ya yi wa abokansa 3, takardar amsa gyara 5, aikin ƙarshe 14. Kowa na iya sauya alkaluman yadda ya dace da kwas ɗinsa, amma kada a bar matakan tsakiya babu maki ko kaɗan. Ɗalibi mai kwas takwas ko tara a zango yana lissafin inda zai sa ƙarfinsa, kuma duk matakin da ba shi da maki shi ne zai fara tsallakewa. A lura kuma, makin daftari na ɗora shi cikakke ne a kan lokaci, ba na ingancinsa ba. Da zarar an fara auna ingancin daftari, ɗalibi zai ɓoye wuraren da yake da rauni, alhali su ake so a gani.

Game da shi kansa tsokacin, John Hattie da Helen Timperley sun kawo tambayoyi uku a 2007 da ya kamata gyara ya amsa wa ɗalibi: ina aka nufa, ina yake yanzu, kuma me zai yi na gaba. Yawancin abin da muke rubutawa a gefen takarda ba ya amsa ko ɗaya. "Ka ƙara ƙoƙari." "Bai gamsar ba." "Da kyau." Ɗalibi ba zai iya yin komai da waɗannan ba. Kwatanta da wannan, a kan rahoton gwajin tsirowar iri: "A sakin layi na uku ka ce zafi ne ya rage saurin tsirowa, amma jadawalinka na shafi na 2 bai nuna ma'aunin zafi ko sau ɗaya ba. Ko dai ka kawo alkaluman, ko ka sassauta maganar ka ce wataƙila." Wannan ya nuna wurin, ya faɗi matsalar, ya ba da mafita biyu, ya bar wa ɗalibi zaɓi. A nan ne manhaja take da fifiko a kan takarda: a Google Docs ko Microsoft Word na intanet, malami yana zaɓar jimlar ya liƙa tsokaci a jikinta, ɗalibi ya amsa a ƙarƙashinsa, maganar ta zauna a daidai wurin da ake gyaran.

Mun san abin da malami mai cunkoson aji zai ce, kuma yana da gaskiya. Ɗalibai 120, kowanne minti goma, awa ashirin ke nan a kan daftari kaɗai. Ba a kauce wa wannan lissafin, sai dai a rage shi. Da farko a taƙaita gyara zuwa abubuwa uku mafi nauyi a kowane aiki. Ɗalibin da aka jera wa gyara ashirin da biyar zai gyara waƙafi da ƙa'idar rubutu ya bar hujjar da ta karye. Na biyu, malami ya karanta ayyuka goma sha biyar ko ashirin tukuna, ya fitar da kurakuran da ke maimaituwa, ya yi bayaninsu sau ɗaya ga dukan aji, a rubuce ko a murya. Daga nan tsokacin kowane ɗalibi zai tsaya ga abin da ya keɓanta da shi. Google Classroom yana da wurin ajiye tsokacin da ake yawan amfani da su, malami ya kira su da 'yan haruffa. Na uku, murya ta fi rubutu sauri: abin da za a faɗa a minti biyu yakan ci minti shida ko bakwai a bugawa, kuma ɗalibi yana jin sautin muryar ya san ba faɗa ake yi masa ba. Illar murya ita ce ba a iya neman kalma a cikinta, don haka a sa ɗalibi ya rubuta abubuwan da ya ji a takardar amsa gyararsa. Hakan ma yana nuna ko ya fahimta.

Tsokacin ɗalibai ga junansu yana aiki ne kawai idan an ba su ma'auni. In aka ce "ku duba aikin juna" aka yi shiru, "ya yi kyau sosai" za a samu daga kowa, domin ba wanda ke son ɓata wa abokinsa. A ba su tambayoyi huɗu tsayayyu: mene ne babbar hujjar marubucin a jimla ɗaya, wane sakin layi ne ya fi ƙarfi, a ina ka ɓace ba ka gane ba, wace magana ce aka yi babu majiya. Kuma malami ne zai haɗa su, kada su zaɓi junansu.

Batun manhaja ba ya buƙatar dogon zance. Makarantar da ke da Moodle, manhajar gudanar da kwasa-kwasai a intanet da Martin Dougiamas ya fitar a 2002, tana iya haɗa shi da Mahara, manhajar kundi da aka fara a New Zealand a 2006. Amma dukansu suna buƙatar babbar kwamfutar da za a girka su da ma'aikacin da zai kula da su. PebblePad da jami'o'in Birtaniya da dama ke amfani da shi na biya ne. Seesaw an yi shi ne domin ƙananan yara. OneNote na Microsoft yana da littafin aji mai sassa uku: na kayan karatu da malami kaɗai ke sa wa hannu, na aikin haɗin gwiwa, da na kowane ɗalibi wanda shi da malami kaɗai ke gani. Malamin da ba shi da ko ɗaya daga cikinsu yana iya farawa da folda a Google Drive, kowane ɗalibi da tasa. Ko wacce za a zaɓa, a gwada ta da tambayoyi huɗu: tana buɗewa sosai a waya, tana ajiye tarihin canje-canje, ana iya liƙa tsokaci a daidai wurin kuskure, kuma ɗalibi zai iya kwashe kayansa in ya gama makaranta. Sannan sashe ya daidaita a kan guda ɗaya. Ɗalibin da malamai biyar suka aika manhajoji biyar, rabin zangonsa zai ƙare a neman kalmar sirri.

Yanzu ga wuraren da abin ke lalacewa, domin su ne ke sa malamai su watsar da tsarin a mako na huɗu.

Mafi yawa shi ne izinin shiga. Ɗalibi ya gina shafinsa a Google Sites, ya saka fayil daga Drive ɗinsa, a wayarsa komai yana fitowa tsaf. Malami ya buɗe sai ya tarar da saƙon cewa ba shi da izini. Dalili shi ne shafin da fayil ɗin kowanne da izininsa daban, buɗe shafi ba ya buɗe fayilolin da ke cikinsa. Maganinsa: ɗalibi ya ba da izini a kan folda gaba ɗaya, domin duk abin da aka sa a ciki ya gaji izinin, sannan ya gwada buɗe adireshin a wayar wani kafin ya aika. Drive yana da matakai uku, mai kallo, mai tsokaci da mai gyarawa. Malami da abokan karatu matakin tsokaci ya ishe su. In aka ba aji duka ikon gyarawa, wata rana wani zai goge aikin wani bisa kuskure. Ana iya dawo da shi daga kwandon shara cikin kwana 30, bayan haka kuwa ya tafi.

Sai sunan fayil. In ba a kafa doka ba, malami zai sami fayil tamanin masu suna iri ɗaya. A kafa tsari tun ranar farko: lambar ɗalibi, lambar kwas, mataki, kamar 0457_BIO201_daftari1. Kuma a hana ɗora sabon daftari a kan tsoho in fayil ɗin Word ne ko PDF, kowane mataki ya zauna da kansa, domin kundin da babu daftarin farko a cikinsa bai nuna ci gaba ba. A Google Docs tarihin yana ajiye kansa, amma a koya wa ɗalibai su sa wa kowane mataki suna a cikin tarihin, in ba haka ba sai an yi ta laluben kwanan wata. A gargaɗe su kuma kada su rufe tsokacin malami kafin ya sake dubawa, domin yana ɓacewa daga gefen shafi.

Girman fayil shi ne ke cin datar ɗalibai. Hoton waya ɗaya yakan kai megabayit 3 zuwa 5, don haka aikin hannu mai shafi goma zai iya kai 40. Manhajar sikanin kamar Adobe Scan, ko wadda ke cikin Google Drive, tana miƙe shafin, ta cire inuwa, ta haɗa duka a PDF ɗaya da bai kai rabin haka ba. A aza takardar a kan teburi kusa da taga, a rubuta da biro mai duhu, fensir ba ya fita. Bidiyon minti ɗaya a inganci mafi girma na iya haura megabayit 100, alhali muryar minti ɗaya ba ta cika wuce 1 ba. Saboda haka kada a nemi bidiyo sai inda gani ya zama dole, kamar haɗa na'ura ko gwajin koyarwa, kuma a ƙayyade shi minti uku, a rage ingancin kyamara zuwa 720. Asusun Google na kyauta gigabayit 15 ne, kuma Gmail da hotuna da Drive duk daga nan suke ci. In ya cika, fayil ya daina hawa, saƙonni ma su daina shigowa. Saboda wanda sabis ɗinsa ba shi da ƙarfi, a ba da tazarar kwana biyu na ɗorawa, kada a tsayar da sa'a ɗaya da dare da kowa zai yi rububi.

Akwai kuma rufe aiki a ranar karɓa. Mahara yana kulle shafin da aka miƙa har malami ya gama dubawa, Google Classroom kuma yana cire wa ɗalibi ikon gyarawa da zarar ya miƙa. Folda a Drive ba ta yin haka, ɗalibi na iya ci gaba da gyara bayan wa'adi. Mai amfani da folda ya nemi a ajiye kwafin PDF a ranar, shi ne abin ba wa maki.

Wasu na murna cewa tarihin canje-canje zai kama masu kwafe, ko masu sa manhajar ƙirƙirarriyar basira ta rubuta musu. Yana taimakawa, domin aikin shafi takwas da ya bayyana cikin minti ɗaya abin tambaya ne. Amma ba hujjar hukunci ba ce, tunda ɗalibi na iya rubutawa a wani wuri lokacin da ba shi da data, daga baya ya liƙa. Abin da ya fi kama gaskiya shi ne a kira shi minti biyar a tambaye shi dalilin da ya sa ya sauya sakin layi kaza tsakanin daftari na ɗaya da na biyu. Wanda ya yi aikin zai amsa ba tare da ya duba ba.

Bayanin abin da aka koya shi ma yakan zama al'ada marar rai. "Na koyi abubuwa da yawa a wannan kwas" kowa zai rubuta in tambayar ta zo a sake. A matse ta: wane abu ɗaya ne a daftarinka na farko da yanzu ka san kuskure ne, kuma me ya nuna maka? Kalmomi 150 sun isa. Haka nan kada ado ya ci maki. Shafi mai launi da hotuna yana ruɗar ido, malami ya ba shi fiye da abin da ya cancanta. A rubuta a ma'aunin ba da maki cewa tsari mai sauƙin bi kawai ake nema.

Sirrin mutane ma abin kula ne. Ɗaliban koyon malanta suna ɗaukar hoton yara a aji, ɗaliban aikin jinya suna rubuta bayanin marasa lafiya. Irin wannan kada ya hau shafin da duk mai adireshi zai iya buɗewa. A cire sunaye, a rufe fuskoki, a nemi izini a rubuce. Maki da gyaran malami su ma tsakaninsa da ɗalibi ne. Shi ya sa ya fi kyau a raba kundi gida biyu: na aiki, mai daftari da gyare-gyare, wanda yake a rufe, da na nuni, inda ɗalibi zai zaɓi ayyukansa uku ko huɗu mafi kyau ya nuna wa mai ɗaukar aiki.

Wanda zai fara, ya fara da kwas ɗaya da jinga ɗaya. Ya ware minti 45 a makon farko, kowa da wayarsa a hannu, kowane ɗalibi ya buɗe folda, ya sa mata suna bisa doka, ya ɗora shafi ɗaya na gwaji, ya ba da izini, ya amsa tsokaci ɗaya, kuma kada a tashi sai malami ya buɗe na kowa daga tasa na'urar. A makon ƙarshe kuma a sake ware rabin awa domin kwashe kaya, saboda makarantu da yawa suna rufe asusun ɗalibi bayan ya kammala. Mahara yana fitar da kundi gaba ɗaya a matsayin shafukan da ake buɗewa ko babu intanet, masu asusun Google kuma suna da Google Takeout, hanyar sauke kwafin kayan da ke cikin asusu. Ɗalibi ya ajiye kwafi biyu, ɗaya a asusunsa na kansa, ɗaya a filashi.

Mun gode da wannan fili, Malam Edita. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naka,
Wasu malamai masu koyar da dabarun koyarwa da auna fahimtar ɗalibai